Daminar da Na Shanya Kwamfuta

Yau kwana uku ke nan ruwa bai ɗauke ba a Gwandu. Ba irin mai tsawa da iska ba ne, irin na tsakiyar damina ne da yake zama a kan gari ya ƙi tashi, tufafi su ƙi bushewa, ashana ta ƙi kamawa. Ƙofar ɗakina ta katako ta kumbura, sai na sa kafaɗa take rufuwa. Jiya kuma maiɗakina ta dawo daga kasuwa da ƙullin tafasa. Sayowa ta yi fa, wai marmari. Ta yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli da albasa, yara suna ci suna yamutsa fuska, ni kuwa loma ɗaya na kai na ture kwanon. Ta tambaye ni ko gishiri ne ya yi yawa, na ce a'a, cikina ne ba daɗi.

Ba cikina ba ne. Tafasa da kumburarriyar ƙofa ne suka haɗu suka mayar da ni Masama, shekara goma sha wani abu baya, daminar da azumi ya faɗo a tsakiyarta. Ba na son tuna daminar nan, amma duk shekara sai ta zo, ko sallama ba ta yi.

Babanmu ya rasu ya bar mana gonaki biyu na jigawa da shanun noma biyu, Fari da Goshi. Ya bar Inna, ya bar babban wana Umaru, wanda a gidanmu muke kira Hamma, da matarsa da 'ya'yansa, sai ni Sambo. Hamma bai yi boko ba. Tun yana ƙarami yake bayan shanu, ya san ciwon dabba daga yadda take tsayuwa. Ni aka ware wa karatu, kuma a shekarar nan ina ajin ƙarshe a wata babbar makaranta a Birnin Kebbi, ina karanta aikin gona. In ana karatu, a Kalgo nake zama wurin gwaggonmu. Abu ɗaya ya rage mini in gama, wato kundin kammala karatu da muke kira furojet. An sa mana rana: Alhamis ta ƙarshe kafin ƙaramar Sallah. Wanda bai miƙa nasa a buge, a ɗinke ba, sai baɗi.

Ka san a kan me na rubuta nawa? A kan amfanin garmar shanu ga ƙaramin manomi. Babi biyar, na rubuta su da biro a dogayen takardu, har da zanen karkiya.

Da na kai wa masu buga takardu sun buga mini, da an wuce wurin. Akwai ma wata mata a Kalgo, Madam Rifkatu, 'yar Zuru, mai shagon buga takardu a bakin titi, duk 'yan ajinmu wurinta suke kaiwa. Amma ni na ga wasu abokaina uku suna yawo da jakar kwamfuta a kafaɗa, sai raina ya biya. Na koma gida ƙarshen bazara na tsara wa Hamma magana. Na ce malami yana gyara aiki sau goma, kowane gyara sai an sake bugawa, gara mutum ya mallaki tasa. Na ce in na gama zan riƙa buga wa mutane aiki da ita. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ce ta kawo ni ba.

Hamma yana zaune yana tufka igiya, bai ɗago ba.

"Sambo, abin ga dole na?"

"Dole na, Hamma."

"In an saye shi, bana kana ƙarewa?"

"Da yardar Allah, bana nika ƙarewa."

"To."

Ranar kasuwa ya ja Fari zuwa kara, wurin cinikin shanu, ya sayar. Ya ce Goshi ya fi ƙuruciya, shi za a bari, in na kama aiki sai a saya masa abokin karkiya. Na sayo kwamfutar a Kalgo, ta hannu ce, 'yar siririya mai launin toka, irin wadda batirinta yake a ciki ba a ganinsa. Ranar da na shigo da ita Masama har maƙwabta sai da suka zo kallo. Inna ta shafa bayanta ta ce Allah ya sa alheri, ta ɗinka mata riga da tsohon zanenta.

Ruwan shuka ya sauka da wuri a shekarar. Sa ɗaya ba ya jan garma, don haka Hamma ya shirya da wani maƙwabcinmu mai sa ɗaya, a haɗa Goshi da nasa. Sai dai garmar tasa ce, karkiyar da ta dace da sansa tasa ce, kuma gonarsa aka fara yi. Daga tasa aka wuce ta surukinsa. Kafin layi ya zo kanmu ciyawa ta kai gwiwa, Goshi kuma ya rame don aikin gonar wasu. Gona ɗaya aka yi mana huɗa da shanu, ɗayar da hannu muka yi ta, ni da Hamma, da garmar hannu. Duk wanda bai taɓa yin huɗa da hannu a jigawa ba, kada ya ce mini ya san ciwon baya.

Yanzu in na fita rangadi, don malamin gona ne ni, sai in ga matashi ya goya tankin feshi, ya zagaye gona kafin hantsi, ya hau babur ya koma gida. Kusan kowane zaure akwai faifan sola a kan rufi, ana cajin waya ana kwance. A wancan lokacin wuta a Masama sai dai labari. Kwana biyu-biyu nake hawa keke in tafi cikin Gwandu, wurin wani mai cajin waya a rumfar kwano. In bar masa kwamfutar tun safe, ya jona ta da janareta, ya tura ta ƙarƙashin benci cikin rigarta ta zane don kada a taɓa, sai la'asar in dawo in ɗauka. In na ɗauke ta sai in ji ta da zafi kamar murfin tukunya. Ni a ganina alamar ta ƙoshi ke nan.

Sai azumi ya kama. Hatsin bara ya yi ƙasa, don damina ta ƙi a shekarar da ta wuce, Hamma sai ya shiga cikin rumbu gaba ɗaya kafin ya miƙo dami. Inna ta tsara mana rayuwa. Da asuba tuwon dawa da miyar kuka, malmala ɗaya ga kowane babba. Mu fita gona ƙasa tana da sanyi, raɓa tana jiƙa wando. Kafin hantsi rana ta buɗe, irin ranar bayan ruwa mai tururi, gumi ya riƙa shiga ido, yawu ya yi kauri a baki. Da azahar mu dawo. Hamma ya wuce yankan ciyawar Goshi, ni in shiga zaure in buɗe kwamfuta. Da shan ruwa kunu ne tsararo, sai kwaɗon tafasa. Yau tafasa, gobe rama, jibi tafasa. Yaran Hamma su suke tsinko ta a bayan gari, har hannuwansu suka riƙa warinta.

Na buga babi ɗaya da rabi lafiya. Da yatsa biyu nake bugawa, amma ina tafiya. A cikin satin farko na azumi sai dogon madannin nan na ƙasa, mai ba da tazara, ya fara tauri. Sai na danna da ƙarfi yake amsawa. Kwana biyu, layin da ke samansa ya bi sahu. Wani madannin ka danna shiru, wani kuma ba ka taɓa shi ba ya kama zuba kansa, ya cika maka rabin shafi kana kallo. Da sassafe in tana da sanyi takan ɗan yi hankali. In ta dawo daga caji kuwa, sai abin da ta ga dama. Cajin da yake kai ni awa uku ya koma awa ɗaya. Duk wannan na gan shi da idona, ban haɗa shi wuri ɗaya ba.

Inna ce ta fara kawo shawara. Ta leƙo zaure ta same ni ina huci.

"Mi as same ta?"

"Ta ƙi bugawa, Inna."

"Sanyi na. Ba ka ga gishiri ya narke ba? Ƙohwar ɗakina ma ta ƙi ruhuwa. Komi na damana rana shika so. Hidda ta ka shanya."

Ban ga laifin Inna ba, har gobe. A gidanmu duk abin da ya lalace da damina rana ce maganinsa: tabarma, gari, daddawa, rediyon Hamma. Laifin wanda ya yi shekara goma sha shida a aji ne, ya ji wannan magana ya ce ta yi daidai. Na shimfiɗa buhu a kan rufin kwanon akurkin kaji, kusa da kuɓewar da Inna ta yanka, na buɗe kwamfuta na kwantar da ita tana kallon sama. Kullum in rana ta fito sai in shanya ta awa biyu, in hadari ya taso a kwashe ta tare da kuɓewa. Kwana huɗu ina wannan aikin.

Da abin ya ƙi, Inna ta kama kajinta biyu da zakara ta ba ni, na sayar na tafi Kalgo. Akwai wani mai gyara da kowa yake kira Injiniya, shagonsa yana jikin na Madam Rifkatu. Ya danna nan, ya danna can, ya girgiza kai.

"Oga, kibod na yam mutu. Sanyin damana na, haka shika yi musu. Sai an sa sabo."

Na ji daɗi har cikin raina, don maganarsa ta zo daidai da tamu. Ya ɓalle madannan ta sama, ya dasa wasu. Ina zaune a benci ina jira sai Madam Rifkatu ta fito zubar da ruwa. Mace ce mai jiki, ta kai shekara hamsin, da tabarau a rataye a wuya. Ta tsaya ta dubi kwamfutar a kan tebur, ta sa yatsa ta taɓa gefenta, sai kwamfutar ta yi rawa.

"Malam Sambo, ba ta zama daidai fa. Ka sa a duba batir ɗinta. Na taɓa yin irinta."

Injiniya ya yi dariya. "Madam, mi yag gama batir da kibod? Batir wuta shika badawa."

Ni ma na taya shi dariya. Ta ce in kawo takardun ta fara buga mini kafin a gama gyara, in ya so mu daidaita daga baya. Na ce ta bar shi, na gode. A raina cewa nake yi, ni da nake da tawa, a gan ni a layin masu jiran bugu? Ta ɗaga kafaɗa ta koma shagonta.

Sabon kibod ya yi kwana uku yana aiki. Na ƙarasa babi na biyu. A rana ta huɗu ya fara abin da na farko ya yi, har ya fi shi. Yanzu kuma abin ya fito fili: wurin da ake ɗora tafin hannu ya taso, murfin ya daina haɗuwa, in ka rufe sai ka ga haske ta tsakani. Na ce lallai sanyin ya shige ta sosai, ta kumbura irin na ƙofa. Na ƙara mata awa ɗaya a rana.

Ranar sha bakwai ga azumi aka yi ruwa tun safe, ba mu je gona ba. Hamma ya shigo zaure yana ɗingishi, don bayansa ya fara riƙewa tun huɗar nan. Bai taɓa taɓa kwamfutar ba, ko sau ɗaya, yana ganin ba huruminsa ba ce. Ranar nan ya zauna kusa da ni ya daɗe yana kallo. Can ya goge hannunsa a riga.

"Ba ni in gani."

Na miƙa masa ina ƙyashi. Ya juya ta a hankali. Ya bi bayanta da tafin hannu, ya danna gefe, ya danna tsakiya, ya ƙwanƙwasa da yatsa yana saurare. Ya kai ta hanci ya shinshina.

"Sambo, wanga ba sanyi na ba. Abin da sanyi yak kumbura, ko'ina shika tashi. Wagga wuri guda tat tashi, kuma nan ad da zahi. Diba. Ciki na. Sa in yac ci gyauron dawa haka shika yi, hagu ta tashi ta yi tauri. Akwai abin da ac ciki da ka turo ta. A buɗe ta ta ƙasa a hidda shi. Kuma ka bar sa ta rana."

Ina jin yunwa, ina jin tsoro, kwana goma sha biyu suka rage mini. Amma ba yunwa ce ta yi maganar ba, ni ne.

"Haba Hamma! Wagga ba saniya ta ba, kwamfuta ta. Injiniya da kainai ya duba ta. Ku dai ku tsaya ga abin da kunka sani."

Matarsa tana bakin ƙofa da ƙwarya a hannu, ta ji. Hamma ya ajiye kwamfutar a kan tabarma da hannu biyu, kamar mai ajiye jariri.

"Gaskiya ta. Ku ad da ilimi."

Ya dafa bango ya tashi. Da yamma, ba wanda ya roƙe shi, ya shiga rumbu ya fito da dami biyu cikin huɗun da suka rage, ya ce a sussuka a kai kasuwa, in koma wurin Injiniya. Daga ranar tuwon asuba ya koma rabin malmala. Inna ta fara haɗa dusa a cikin garin. Ƙaramar 'yar Hamma takan tsaya a gabana in ina cin nawa, ba ta roƙo, kallo kawai take yi.

Injiniya ya ce wancan kibod ɗin jabu ne, yanzu zai sa mini na asali. Da ƙyar kibod ɗin ya zauna, sai da ya danne shi da gwiwar hannu. Ko bai ga abin da ke ƙarƙashi ba, ko ya gani ya yi shiru, wannan tsakaninsa da Allah. Na bi ta bayan shago na fita don kada in haɗu da Madam. Wannan karon kwana ɗaya kibod ɗin ya yi.

Nan ne na yi abin da har yau in na tuna nake jin kunya ta rufe ni. Na ce tunda kumburi ne, a danne shi. Na rufe kwamfutar, na naɗe ta da bargo, na ɗauko ɗan dutsen niƙan Inna na ɗora a kai. Kwana biyu tana ƙarƙashinsa. Daga baya aka gaya mini cewa Allah ne kawai ya tsare, da ta kama da wuta, kuma zauren namu na kara ne. Da na ɗaga dutsen na kunna ta, ta kawo haske lafiya, ta nemi lambar sirri. Madanni ko ɗaya bai amsa ba. Babi biyun da na buga ma suna ciki, ba ni da hanyar isa gare su.

Ranar Talata ce. Ruwa ya hana mota fita, sai Laraba da hantsi na isa Kalgo, jiƙe sharkaf, kwamfuta a cikin leda a ƙirjina. Shagon Injiniya a rufe da kwaɗo, ya tafi garinsu Sallah. Na tsaya a gaban ƙofar kamar wanda aka dasa. Madam Rifkatu ce ta leƙo.

"Shigo daga ruwa, Malam Sambo."

Ba ta ce mini komai ba game da wancan karon, kuma da ta faɗa da ya fi mini sauƙi. Ta sa tabarau, ta kifa kwamfutar a kan tawul, ta ɗauko ɗan sukurdireba daga gwangwanin alluranta. Tana kwance noti na ƙarshe murfin ƙasan ya ɗaga da kansa. Ga batir nan, baƙi, ya cika ya yi tim kamar fanke, yana wani wari mai zaƙi-zaƙi. Ta zare wayarsa a hankali, ta ɗauke shi da tsumma, ta kai bayan shago ta sa a cikin bokitin yashi.

"Zafi ne ba ya so," in ji ta. "Da yawan zama a caji. In ya kumbura sai ya turo madannan daga ƙasa, su danne. Ka bar ta a rana ne?"

Na ce, "A'a."

Ta dube ni ta saman tabarau, ta mayar da murfi, ta jona waya a bango. Ta danna wurin da ya taso da tafin hannu ya koma. Ta turo mini. Na sa lambar sirri, ta buɗe. Na bi madannan ɗaya bayan ɗaya, tun daga sama har ƙasa, babu wanda bai amsa ba. Ko minti goma aikin bai kai ba. Na tambaye ta nawa ne, ta ce me ta saya da za ta karɓi kuɗi? Na tabbata kibod ɗina na farko ma lafiyarsa ƙalau, yana nan cikin kwalin Injiniya yana jiran wani wawan.

Ta ture aikin mutane ta karɓi babi na uku da na huɗu, ni na kama na biyar. Yatsunta kamar ruwan sama a kan kwano. Amma rubutun biro ne da ya sha damshi, sai ta tsaya ta tambaye ni, ga jadawali, ga zane. Aka ɗauke wuta, kwamfutata kuma yanzu ba batir, ta mutu nan take da shafi huɗun da ban adana ba. Aka tayar da janareta. Da aka kira magariba ita ta aika aka sayo mini ƙosai da kunu, ita da ba ta azumi. Washegari muka ɗora tun da safe. Azahar ta yi muna tsakiyar babi na huɗu, ba a gyara ba, ba a ɗinke ba, malamina bai sa hannu ba.

Duk da haka na je makaranta. Malamin mutumin kirki ne, sau biyu yana aiko mini da saƙo cewa in kawo ko rabi ne ya fara dubawa, ni kuma ina cewa an kusa. Ya juya takardun, ya dube ni.

"Sambo, an rufe. Ko na so ba ni da iko. Sai baɗi, kuma sai ka sake rajista."

Ranar jajibere na koma Masama. Gero ya fara fitar da kai, yara suna leƙen wanda zai yi tumu. Na sami Hamma a turke yana cire wa Goshi kaska. Na gaya masa ban samu ba, sai baɗi, kuma sai an sake biyan makaranta. Hannunsa ya tsaya a wuyan san. Sannan ya tambayi abin da nake ta addu'ar kada ya tambaya.

"To ita, mi anka ishe ciki?"

Tun daga Kalgo nake shirya amsar. Na shirya in ce, Hamma, kai ne da gaskiya, ciki ne, an buɗe ta ta ƙasa an fitar da shi kamar yadda ka ce, da na ji maganarka da hatsinmu yana rumbu, da na gama. Na buɗe baki. Na ga matarsa tana jan ruwa a rijiya, kunnenta yana wurinmu.

"Sanyi na," na ce. "Ruwa yash shige ta. An gyara."

Hamma ya gyaɗa kai a hankali.

"Ka gani. Ni da nac ce ciki na. Gara da ba ka biye min ba, da na sa ka ɓata ta."

Ya ci gaba da cire kaska.

Bayan an yi girbi, da lokacin rajista ya zo, wata safiya ya kira ni turke. Ya riga ya wanke Goshi, ya ba shi dusa ya ƙoshi. Ya kwance igiyar ya miƙo mini.

"Kai ka kai shi. Bayana ba shi bari na tahiya."

Ba bayansa ba ne, mu duka mun sani. Ni na ja Goshi har kara, ni na tsaya aka duba haƙoransa.

Na gama a shekarar da ta biyo. Sai da na yi shekara biyar ina aiki kafin na iya saya wa Hamma shanu biyu, a lokacin kuwa ciwon baya ya riga ya ci ƙarfinsa, ɗansa ne yake riƙe garma. Damina shida ya yi yana huɗa da hannu. Bai taɓa yi mini gori ba, ko da wasa, ni kuma ban taɓa gyara maganar nan ba. Kowace Sallah ina zuwa da niyya, in zauna kusa da shi, in yi ta zancen taki da farashin albasa har in tashi.

Watan jiya na je Masama na same shi a ƙofar gida, wani ɗalibi ɗan maƙwabta ya zo gaishe shi da jakar kwamfuta a kafaɗa. Ina isowa na ji Hamma yana yi masa nasiha, da muryar wanda ya san abin da yake faɗa.

"Ka kiyaye ta da damana, sanyi na kumbura su. In ta hwara, ka shanya ta ga rana. Ga ƙanena nan, shi yag gaya min, shi ad da ilimin abin."

Ya juyo yana murmushi, yana jiran in tabbatar.